Ciwon bayan nan gado ne, kuma zai bi ɗana?

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Agege:

"Malam, barka da aiki. Shekarata 38, mutumin ƙasar Sakkwato ne ni, ina zaune a Agege da iyalina. Da achaba nake yi. Shekara uku ke nan mota ta buge ni, na karye a ƙafa, bayana ma ya bugu. Ƙafar ta ɗoru, bayan ne ya ƙi. Kafin in warware an hana achaba a Ikeja inda nake aiki, sai na koma dako a kasuwar Mile 12. Yanzu da ciwo nake kwana, da shi nake tashi, wani lokaci har cinya yake sauka. An yi mini hoto, likita ya ce ba abin tashin hankali. An tura ni wurin masu gashin ƙashi, na ɗan je na daina, don ba allura ba magani, sai a ce in kwanta in ɗaga ƙafa. Tiramol nake sha in iya fita aiki. Mahaifina har ya rasu yana fama da baya, baffana ma haka, Inna ta ce gado ne, in haƙura. Ƙanena da ke jami'a kuma ya ce akwai wani ilimi, efijenetik, wai wahalar da mutum ya sha tana rubutuwa a jininsa har ta bi 'ya'yansa. Matata tana da ciki. Shin gado ne? Zan shafa wa abin da za a haifa? Ko in tattara in koma gida in kwanta?"

Sannu ɗan'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Tambayarka ta ƙarshe ce ta fi tsaya mini a rai, da ita zan fara: kada ka koma gida da niyyar kwanciya. In ganin Inna za ka je, madalla. Amma kwanciya ƙara maka ciwon nan za ta yi. Inna tana da nata ɓangaren gaskiya, ƙanenka ma haka, sai dai maganarsu duk ta kai ka ga yanke ƙauna, alhali ilimin da ƙanen naka ya ambata, in an bi shi har ƙarshe, ba can yake kaiwa ba.

Kafin mu shiga, akwai alamomin da ba a jira da su. In ka ji tsakanin cinyoyinka ko mazauninka ya mutu ba ka jin taɓi, ko fitsari ya riƙe, ko yana zubowa ba da saninka ba, ko ƙafa tana ƙara rauni har kana jan ta, ka tafi asibiti a ranar, kada ka kwana. Hakan na iya nuna an danne jijiyoyin ƙarshen laka, kuma a wannan hali sa'o'i ake ƙirgawa. Haka nan in zazzaɓi da gumin dare da rama sun haɗu da ciwon, a duba ko tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Ana samunsa a cikin mutanenmu masu kwana a cunkushe, kuma yana da magani.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, to mu koma kan hoton. Na san yadda maganar likita ta sauka a kunnenka, kamar an ce ƙarya kake yi. Ciwonka gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya ɗora yatsa a kan wani ƙashi ko wata cuta guda a ce ga mafarin nan. A 2015 kuma an tattara hotunan bayan mutane fiye da 3,000 da ba sa jin ciwon komai, aka tarar rabin 'yan shekara 40 a cikinsu guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya ɗan bultso, suna kuwa harkokinsu lafiya lau. Hoto ƙashi da guringuntsi yake nunawa. Zafi kuwa aikin jijiyoyi ne da laka da ƙwaƙwalwa.

Ranar da mota ta buge ka, jijiyoyin wurin suka shiga aika saƙo ba dare ba rana har tsawon makonni. Tun 1983 wani masani mai suna Clifford Woolf ya nuna cewa in saƙon ya yi yawa, ƙwayoyin jijiya na cikin laka sukan sauya hali su zama masu saurin amsawa. Abin da a da ba ya zafi sai ya fara, ƙaramin zafi ya zama babba, ya kuma bazu zuwa wuraren da ba su bugu ba. Ga yawancin mutane abin kan lafa da zarar rauni ya warke. Ga wasu yakan zarce, in ya wuce wata 3 likitoci su kira shi daɗaɗɗen ciwo. Abin da ya daɗe yana damun masana shi ne, nama ya warke, ƙashi ya ɗoru, to mene ne ke riƙe jijiya cikin wannan hali shekara da shekaru? A nan ilimin ƙanenka ya shigo.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ɗauke da rubutun gado da ake kira DNA, rabi daga Inna, rabi daga Baba, da ƙwayoyin gado kimanin 20,000 a cikinsa. Rubutun da ke cikin ƙwayar fatarka shi ne ke cikin ta jijiyarka. Wannan ta zama fata, waccan ta zama jijiya ne saboda ba kowane sashe ake karantawa a ko'ina ba. Ka tuna makarantar allo, lokacin da kake babbaƙu kafin ka shiga farfaru. Baƙi ɗaya ne a kan allo, amma in an sa masa wasalin bisa ya ce ba, in an sa rufu'a ya ce bu, in an ɗaure shi ya tsaya cak. DNA shi ne babbaƙun, ba ya sauyawa don ka yi haɗari ko don ka ɗauki buhu. Wasullan kuwa wasu ƙananan sinadarai ne da ke sauka a kansa. Fitaccensu sunansa metil, wanda in ya taru a bakin wata ƙwayar gado yakan rufe ta a daina karantawa. Akwai kuma sinadaran da DNA ke naɗe a jikinsu, histon, waɗanda in sun saki a samu hanyar karatu, in sun ƙanƙame a rasa. Nazarin waɗannan alamomi shi ne efijenetik, sunan da Conrad Waddington na Ingila ya raɗa a 1942. Abinci, hayaƙin taba, rashin barci, tashin hankali, rauni da motsa jiki duk suna taɓa su.

Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya babbaƙunsu iri ɗaya ne sak, shi ya sa masana suke yawan komawa gare su. A 2005 a ƙasar Sifen an gano cewa alamomin tagwaye 'yan shekara 3 kusan ɗaya ne, amma na 'yan shekara 50 sun yi nisa da juna, musamman waɗanda rayuwa ta raba. A 2014 masana a King's College da ke Landan suka ɗauki tagwaye waɗanda ɗaya ya fi ɗayan jure zafi, suka gwada su da ƙarfe mai ɗumi a hannu, suka duba jininsu. Bambancin da ya fi fitowa yana kan wata ƙwayar gado mai suna TRPA1, ita ce dai ke sa ɗanyar tafarnuwa ta ciji harshenka. Gado ɗaya, mahaifa ɗaya, amma jin zafi ya bambanta.

Binciken da ya fi dacewa da halinka an yi shi ne a Jami'ar McGill ta Kanada, aka buga a 2013. An ji wa ɓeraye rauni a jijiyar ƙafa. Bayan wata 6, aka tarar alamomin metil sun ragu a gaban ƙwaƙwalwarsu, nesa da inda raunin yake, kuma raguwar tana tafiya tare da tsananin zafin. Sai ka ji sauran. Ɓerayen da aka ba abokan zama da abin gudu da kayan wasa, zafinsu ya ragu, alamomin kuma suka koma kusa da yadda suke a da. Waɗanda aka bari su kaɗai a keji ba komai, abin bai sake su ba. Ƙanenka ya kawo maka rabin farko na labarin, cewa wahala tana barin alama. Rabi na biyu shi ne alamar tana goguwa, kuma motsi da zama cikin jama'a suna cikin abin da ke goge ta.

Dole in gaya maka iyakar maganar. Ɓera ba mutum ba ne, kuma ba a yanka lakar mai rai don a duba, saboda haka yawancin abin da aka auna a jikin mutane a jini ne da tsoka. Har yau babu gwajin da za a ɗebi jininka, a Legas ko a Landan, a ce ga alamomin ciwon bayanka nan. Babu kuma ƙwayar da aka tabbatar tana gyara su. Duk wanda ya tashi a cikin mota ko ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa yana da garin magani mai "gyara DNA", kuɗin guminka yake nema. Wannan abu yana ɓata mini rai ƙwarai, don mutane irinka ake yi wa, masu ciwo da neman na abinci.

Maganar Inna fa? Gado yana da rabonsa. Binciken da aka yi kan tagwaye maza a Finlan ya ƙiyasta shi tsakanin kashi 30 da 46 cikin 100 a ciwon baya. Wato fiye da rabi yana wajen abin da ya sami mutum da yadda yake rayuwa. Ka kuma tuna yadda Baba ya rayu. Fartanya da garma tun yana yaro, sunkuye daga hantsi har azahar, kaya a ka, kwana a tabarma, in ciwo ya tashi a yi ƙaho a koma gona. Kai ma ga ka da buhun albasa da ya fi ka nauyi, kana sauko da shi daga tirela a kan katako mai santsi. Abin da ake kira ciwon gida, sau da yawa aikin gida ne aka gada tare da jinin.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake so ka koma wurin masu gashin ƙashi. Ka raina abin da suka ba ka saboda ba ya kama da magani. A 2014 a cibiyar Karolinska ta Suwidin an sa mutum 23 motsa ƙafa ɗaya kawai, minti 45, sau 4 a mako, har wata 3, ɗayar ƙafar tana zaune. Da aka ɗebi tsokar kowace aka duba, alamomin metil sun sauya a wurare kusan 5,000 a ƙafar da ta yi aiki. Mutum ɗaya, abinci ɗaya, barci ɗaya, bambancin kawai motsi. A 2018 kuma a Ingila an yi wani ƙaramin gwaji da maza 8: mako 7 suna ɗaga nauyi, mako 7 suna hutu har tsokar ta koma, sannan mako 7 kuma. A karo na biyu tsokar ta fi girma, aka kuma tarar wasu alamomin karon farko ba su gushe ba a lokacin hutun. Ka lura da adadin makonnin. Ana maganar wata biyu ne zuwa uku na naci. Zuwa biyu ko uku bai isa a ce an gwada an kasa ba.

Za ka ce ai kai kullum cikin motsi kake, wa ya kai ɗan dako aiki? Gaskiya ne, amma akwai bambanci. Dako nauyi ne mai yawa a lokaci guda, cikin gaggawa, jiki a ɗaure don tsoron zafi, ga ƙwaya ta rufe maka jin gargaɗin jiki. Abin da likitan gashin ƙashi ke nema shi ne motsi daidai ƙarfinka, wanda ake ƙarawa kaɗan-kaɗan, har jijiyoyin su saba cewa sunkuyawa da miƙewa ba haɗari ba ne. Ɗaga ƙafar nan da ka raina, da ɗaga ƙugu kana kwance gwiwa a lanƙwashe, da tashi daga kujera ka zauna ba tare da dafa komai ba, duk aikinsu ke nan. Ka haɗa da tafiya ta minti 10 bayan la'asar ko bayan isha'i, ba kaya a ka, kana ƙara minti biyu ko uku duk mako. In zafi ya ɗan ƙaru ya kuma lafa kafin washegari, ba ɓarna aka yi ba, ka ci gaba. In ya kwana biyu bai sauka ba, ka rage, amma kada ka daina. Ranar da ka ji sauƙi kuma kada ka rama aikin mako a yini ɗaya, nan ne mutane da yawa suke faɗuwa.

A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan daɗaɗɗen ciwon baya. Ta goyi bayan wayar da kan mai ciwo, motsa jiki mai tsari, tausa, da taimakon masu ba da shawara kan damuwa. Ta ce a guji ɗamarar baya da ake sayarwa, da jan baya da na'ura, da magunguna dangin tiramol. Gashi da ruwan ɗumi ko tausa in suna ba ka sauƙin da za ka iya motsawa, ka yi. Ƙaho ma na san da wuya in hana ka, sai dai aska ta zama sabuwa, kuma kada ya maye gurbin atisayen. Asibitin ƙashi na Igbobi, da LUTH a Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja duk suna da sashen gashin ƙashi, na Ikeja ne ya fi kusa da kai. Ka gaya musu gaskiya cewa yinin da ka yi a layin asibiti yini ne da ba a ɗora tukunya da kuɗinka ba. Ka roƙi a tsara maka abin da za ka yi a ɗaki, a nuna maka da kyau, ƙanenka ko wani ya ɗauka a waya, ka riƙa komawa jefi-jefi a duba a ƙara.

Tiramol ɗin ne ya fi tayar mini da hankali. Wanda NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, amma na bakin kasuwa yakan kai 200 ko 225, kuma ba ka da tabbacin abin da ke ciki. Shan sa da yawa yana jawo farfaɗiya da toshewar numfashi. Bayan haka, daɗewa a kan irin waɗannan magunguna kan sa jijiyoyi su ƙara saurin jin zafi, wato abin da kake sha don ciwo ya koma yana ciyar da ciwon. A jinin masu daɗewa a kansu an samu ƙarin metil a kan ƙwayar gadon da ke ƙera makarɓar maganin a jiki. Ba kai kaɗai ba ne: binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irinsu ba bisa umarnin likita ba. Kada ka yanke shi rana ɗaya, jiki zai yi bore da gumi da ciwon gaɓɓai da rashin barci, ka koma da gudu. Ka gaya wa likita adadin da kake sha a yini, ba ragi, ya tsara maka yadda za a janye a hankali. In ya tura ka asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, kada sunan ya firgita ka, suna da sashen masu son rabuwa da ƙwaya. Haka ma haɗin da masu faranti ke ƙullawa a leda, galibi da dikilofenak a ciki, shan sa kullum yana cin ciki da ƙoda.

Barci ma magani ne a nan. An sha gwadawa, mutumin da aka hana barci yakan fi jin zafi washegari. Na san mai fita tun kafin asuba don ya tari motocin Arewa, ya dawo cikin cunkoson Legas, barcinsa ba a hannunsa yake ba. Duk da haka ka rage shayi mai ƙarfi da goro da lemon ƙara kuzari daga la'asar, ka ajiye waya in ka kwanta. In kana shan taba, ka bari, tana cikin abubuwan da aka fi tabbatar da cewa suna sauya alamomin nan, kuma da yawansu suna komawa bayan an daina. A kasuwa kuma, in da hali ka koma baro ko amalanke na 'yan watanni, ko ku riƙa kama buhu ku biyu. Ka yi wa shugaban 'yan dakonku magana. Faɗin ciwo ba ragwanci ba ne, kuma zama cikin 'yan'uwa a majalisa da masallaci ya fi maka kulle kai a ɗaki.

Saura maganar cikin. Kwantar da hankalinka. A jikin ɗan'adam ana share mafi yawan alamomin nan har sau biyu, lokacin da ake ƙera ƙwayoyin haihuwa, da kuma kwanakin farko bayan ciki ya shiga. Sauyin da ya faru a lakarka da ƙwaƙwalwarka a can yake, kuma ba a tabbatar a kan mutane cewa ciwon haɗarin uba yana bin jini zuwa ga ɗa ba. Abin da aka fi tabbatarwa ta wajen uwa yake zuwa, lokacin da ɗa ke ciki. A yunwar da aka yi a Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin an same su bayan shekara 60 da bambancin metil a kan wata ƙwayar gado ta girma, in an kwatanta da 'yan'uwansu na ciki ɗaya. Saboda haka in kana son kare abin da ke cikin, wajen maiɗakinka za ka juya. Ta riƙa zuwa awo, ta ci wake da ganye da ƙwai da kifi gwargwadon hali, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid da ake ba ta, wanda shi kansa yana cikin abin da jiki ke samar da metil da shi. Ta kwana a gidan sauro, hayaƙin taba da na janareta su yi nesa da ita. Kuɗin da tiramol ke ci a wata, in ka lissafa, zai ɗauki wani ɓangare na wannan.

Ka kuma zaunar da ita ka gaya mata halin da kake ciki, har maganar ƙwayar, don mai juna biyu da ke ganin mijinta yana juyi da dare ba ta san dalili ba, ita ma ba barci take yi ba. In za ka koma asibiti ka tafi da hotunan da aka yi maka da kwalin abin da kake sha. Bayan wata uku ka rubuto mini yadda tafiyar da barcin suke. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sauke ta lafiya.